Mutumin da Ba Ya Duƙawa

A kusurwar ɗakin da nake kwana a nan Kaura Namoda akwai wata doguwar hauya jingine da bango. Ƙotarta ta fi ni tsawo, bakinta kamar jinjirin wata, tsatsa ta cinye gefensa. Ranar da muka baro ƙauyenmu, can tsakanin Zurmi da Shinkafi, mai mota ya ce kowa ya ɗauko abin da ya zame masa dole, don ba wuri. Mata suka kwaso tukwane da tabarmi, ɗana ya ɗora buhun gero biyu, ni kuwa na fito da wannan hauya. Surukata ta dube ni ta dubi hauyar, na san abin da ta ce a ranta: tsohon nan ya fara ruɗewa. Ba ta yi ƙarya ba sosai, tunda a nan ba ni da ko inda zan shuka kuɓewa. Hauyar ma ba tawa ba ce.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Ba gajiyar noma ba ce, wadda mutum kan kwanta da ita ya tashi babu. Gajiyar zama ce a garin da ba naka ba, kana sauraren abin da kunnenka bai saba da shi ba. Da can abin da ke tada mu da asuba luguden mata ne, taɓare uku a turmi ɗaya, sai ƙarar guga tana dukan ruwa a rijiya, sai jakai su karɓa. In damina ta kankama ka jiyo gangar noma daga wata gona, ka san yau wani ya kira gayya, ka saɓi galmarka ka bi sautin ba sai an aiko maka ba. Kaura kuwa a lokacin wurin kallo ce gare mu, nan layin dogo ya ƙare. Mukan kawo gyaɗa a kan jakai, mu tsaya baki buɗe muna jiran jirgi ya yi kuka, mu koma ƙauye mu yi wata guda muna ba da labarinsa. Yanzu na manta rabona da jin kukan jirgi. Abin da kunne ke jira shi ne ƙarar babur. In ɗaya ne a ci gaba da hira, in sun yi yawa sai ka ga kowa ya yi shiru yana duban hanya.

Baƙo ma ba kamar da ba. Da ruwa ake fara miƙa masa, sai ya sha ya sauke numfashi sannan a ji daga ina. Yanzu ana duban rawaninsa da takalminsa da tsinin hancinsa kafin a amsa masa sallama. Ban ga laifin mutane ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma mu an sare mu ba sau ɗaya ba. Amma kada wani tsoho ya ruɗe ku da cewa mu mutanen da duk waliyyai ne. Mu ma mun iya yanke wa mutum hukunci da ido kawai. Bambancin dai a zamaninmu hukuncin bai cika zuwa da bindiga ba.

Abin da ya tono mini wannan magana jikana ne, babban, wanda ke kabu-kabu da babur. Shekaranjiya bayan la'asar ya shigo ya zauna bakin tabarmata yana wasa da makullin babur ɗinsa, na san da magana a bakinsa.

"Tsoho, mutumin ga da yat tare ƙarshen layi, ba mu yarda da shi ba."

"Mi yay yi muku?"

"Bai yi komi ba tukuna. Amma ka diba hwa: ba shi zama majalisa, ba shi dariya da kowa, kullum da sahe shi cika buhu da burodi shi bi hanyar Banga. Wa ka cin burodi buhu guda? Mun ce mu kai maganatai ga masu sintiri su tambaye shi."

Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da buhun burodi mai bin hanyar daji, ana zargin na ɓarayi ne. Ya kuma san irin tambayar da ake yi wa wanda aka zarga, ba kowa ke dawowa gida bayanta ba. Na ce masa, "Ku kun tambaye shi da kanku?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Tsoho, labarin zuciya a tambayi huska." Wannan karin magana ni ma na taɓa hawa kansa, kuma na ga inda ya sauke ni. Sai na ce ya aje makullin nan ya saurara.

Ina saurayi lokacin, gemu ya fara tsirowa. Allah ya ba ni ƙarfi ya ba ni baki, hankalin ne aka rage mini mudu. A gayya ba mai riga ni fitar da kunyar noma, a dandali ba mai riga ni sa wa mutum suna, kuma in na sa ya zauna ke nan. Wata bazara, bayan an yi mummunar shekara a arewa, wani mutum ya biyo ta Jangeru ya sauka garinmu, shi da matarsa da jaki ɗaya da awaki biyu da wannan hauya. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana. Matar kuwa 'yar ƙarama ce, kullum tana gefensa. Ya shiga zaure ya gana da mahaifina su biyu, da suka fito Baba ya ce ya ba shi aron jigawarmu ta gabas, wani rairayi da mu kanmu mun daina wahalar da iri a cikinsa.

Tun ranar farko muka ga abin da bai yi mana ba. A garinmu yaro ba ya gaida babba a tsaye, tsugunnawa ake yi, gaban mai gari kuwa har gwiwa ta taɓa ƙasa. Shi wannan mutum sai ya tsaya ƙyam, ya dafa ƙirji, ya ce ina kwananku. Haka ya yi wa Baba, haka ya yi wa liman, haka ya yi wa mai gari a gaban jama'a. Aka ba shi goro ya suɓuce ya faɗi, bai sunkuya ya ɗauka ba, matarsa ce ta ɗauko ta share ta miƙa masa. In zai sa takalmi ita ke gyara masa. Da ya tashi gina ɗakinsa sai ya yanke ƙofa doguwa, wadda ta fi ta zauren mai gari tsawo, alhali kowa a garin duƙawa yake yi ya shiga ɗakin uwarsa. Ba ya zaman tabarma da mutane, in ya zo majalisa yana tsaye daga gefe har ya tafi. Masallaci kuwa ba mu taɓa ganinsa a sahu ba, cewa yake ya yi tasa a gida. Kowanne daga cikin waɗannan da shi kaɗai ne da an bar shi, amma da muka jera su sai suka ba mu amsa ɗaya, kuma muka yi murna da wayonmu.

Da ruwa ya sauka sai ga babbar hujja. Mu da 'yar hauya da galma muka sani, mutum ya duƙa tun hantsi har azahar, in ya miƙe ƙugunsa ya yi ƙara, wannan shi ne noma a wurinmu. Iyayenmu kan ce ƙasa ba ta ba wanda bai duƙa mata ba. Shi kuwa sai ga shi a jigawa a tsaye, yana tura doguwar hauyarsa gaba yana jawowa, bakin yana tafiya ƙarƙashin rairayi yana yanke ciyawa, kai ka ce yawon shan iska ya fito. Ba mu san cewa can arewa inda rairayi ya yi yawa haka ake noma ba, ba mu kuma tambaya ba. Muka hau kan kunya muna dariya. Ni ne na ce, "Wanga ai giginya na, sai dai iska ta kaɗa shi." Kafin sati ya zagayo ba mai kiransa da sunan yanka. 'Yan mata suka sa Giginya a waƙar dandali, yara na binsa da ita in ya wuce rijiya. Shi dai ba ya waiwaye, wannan ma muka ƙara a cikin girman kansa.

Wata rana muna cin tuwo bayan magariba, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka bar mutumin ga."

Na ce, "Baba, ai shi na ba shi ganin kowa da gashi. Ko ku ba shi tsugunna muku."

"Ni nik kai ƙara gare ka? Na ce ka bar shi."

A raina na ce tsufa ne ya sa Baba sanyi. Maganar kuwa ta riga ta wuce hannun samari. Dattawa sun fara cewa a ƙofar mai gari, baƙon da ya fi ƙarfin gaisuwa ya fi ƙarfin sahu bai kamata ya ci ƙasar gari ba, in an yi girbi Baba ya karɓi gonarsa mutumin ya ƙara gaba. Maganar ta kai kunnensa, don a ƙauye ba abin da ke kwana bai kai ba. Kuma ba shi da inda zai koma, abin da ya baro a arewa fako ne da busasshiyar rijiya. Geronsa kuwa ya yi kyau a jigawar nan har abin ya fara ba mu haushi.

Ana nan sai uban yarinyar da nake nema ya kira gayyar huɗa. Gonarsa a gefen fadama take, ƙasa mai nauyi, wadda sai ka duƙa ka kafa galma ka ɗago laka ka kifa. Ranar ta faɗo Alhamis, Baba ya yi sammako da jakai zuwa kasuwar Shinkafi. Na sha ado na noma, na ɗaura warki, ga makaɗa, ga 'yan mata da ƙoren fura a ƙarƙashin wata tsamiya, ga dattawa a inuwa suna kallon wa zai yi wa zai kasa. Duk wani namiji mai lafiya a gari ya zo, don wanda bai zo gayyar wani ba ba mai zuwa tasa. Can sai ga Giginya da doguwar hauyarsa a kafaɗa. Ya yi sallama a tsaye kamar kullum, ya ce shi zai bi gefen gona ya share ciyawa.

Da na bar shi ya bi gefen gonar nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma yarinyar tana kallo, ganga tana taɓa ni, sai na ɗauki wata galma na jefa gabansa. Na ɗaga murya yadda dattawa za su ji, na ce, "Garin ga duƙe muka noma, duƙe muka gaisuwa, duƙe muka salla. Wanda yah hi ƙarhin duƙawa shi koma inda yah hito." Samari suka ɗauki ihu. Makaɗin ya gane inda aka dosa, ya juya kiɗa yana kiran Giginya, Giginya. Na dubi inuwar dattawa ko wani zai tsawata, ba wanda ya motsa, ɗaya ma murmushi yake yi yana ɓare goro.

Mutumin ya dubi wajen tsamiya inda matarsa take cikin mata. Na ga ta girgiza masa kai, sau biyu. Sannan ya juya ya dubi gabas, daga nan ana hango jigawar, geronsa ya kai gwiwa yana kaɗawa. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sauke hauyar daga kafaɗa ya miƙo mini, ya ce, "Riƙa min wagga." Na karɓa ina dariya, na ɗaga ta sama ina nuna wa mutane kamar na ci yaƙi.

Ya duƙa a hankali, kaɗan-kaɗan, har hannunsa ya kai ga galmar. Ya kafa ta ya ɗago laka ya kifa, ya matsa, ya sake. Ba laifi a huɗarsa, mutumin ya san aiki. Ni ina biye da shi da hauyar a hannu ina yi masa kirarin tsiya, don haka na fi kowa kusa, na ga zufar da ke zuba daga haɓarsa tun bai yi taku goma ba, na ji wani gurnani da ke fita daga maƙogwaronsa duk sanda ya ɗago. Na ɗauka haushi ne. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa, wai yau giginya ta rusuna. Ya kai ƙarshen kunyar, ya juya zai kama ta biyu, sai na ji wani abu ya ce ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya kife da fuska cikin laka. Allah ya gafarta mana, abin da muka fara yi dariya ce.

Matarsa ce ta katse dariyar. Ta yar da ƙwaryar fura ta sheƙo da gudu tana salati, ta faɗi gabansa, ta kama rigarsa ta baya ta keta. Nan muka gani. Daga hammata har ƙugu an naɗe shi da ƙirgi, an jera tsagin gora a ciki an ɗaure da tsirkiya tamau, yadda ake ɗaure karaya. Biyu daga cikin gorar sun karye. Inda fatar ta zame muka ga bayan, ƙashin ya karkace, ga tabon ɗori ga tabon sakiya ba iyaka. Ganga ta mutu a hannun makaɗi. Mutumin ya juyo da fuskarsa gefe, laka a bakinsa, ya nemi idona har ya samu. Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya ce, "Na duƙa. Kun gani?"

A kan ƙyauren wani zaure muka ɗauke shi, mu huɗu, ni ina riƙe da wajen kai. Da muka isa ɗakinsa muka shige da shi ta doguwar ƙofar nan ba wanda ya sunkuya, ba inda ya gogu. Ranar na san abin da ya sa aka yanke ta haka. Innata ta zauna da matar, daga bakinta muka ji sauran. Can garinsu shi mahaƙin rijiya ne, gefen wata rijiya ya rufto masa yana ciki, aka ciro shi da ƙyar. Maɗori ya yi wata da watanni yana fama, ya tada shi, amma ya ce masa ya rabu da duƙawa har abada, in ya duƙa da nauyi a hannu ba lalle ya sake miƙewa ba. Sallarsa a zaune yake yi kan turmi yana nuni da kai, shi ya sa ba ya shiga sahu, don kada a gani. Ya ɓoye ne saboda ya san ba mai ba musaki aron gona, kuma namiji ne, ba ya son a riƙa ciyar da shi don tausayi. Da magariba ta yi aka tsunkule shi a ƙafa, bai ji ba.

Baba ya dawo washegari da hantsi, labari ya tare shi tun a hanya. Ya sauke wa jakai kaya, ya ba su ruwa, ya tafi ɗakin mutumin ya daɗe, sannan ya dawo ya zauna a zaure. Na so ya ɗauki sanda, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai ɗauka ba. Na tsugunna nesa da shi na ce, "Baba, ashe kun sani?"

"Tun randa yaz zo. Shi yab buɗe min da kainai."

"To da kun hwaɗa min, ai da ban yi ba."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. Ya ce, "Amana ta yab ba ni, kuma na ce maka ka bar shi. Kai sai an tuɓe ma kowa riga ka ga abin da ad ciki kahin ka ƙyale shi? Mutane nawa za a tuɓe maka?"

Har yau wannan tambaya tana bina. Baba ya rasu da daɗewa, amma na san shi ma bai yafe wa kansa zuwa kasuwar nan ba.

Bayan nan gari ya zama na kirki, kamar yadda muka iya in aikin gama ya gama. Dattawan da suka ce a kore shi su ne kan gaba wajen dubiya. Aka ɗauko maɗori daga Zurmi, ya shafa ya latsa, ya wanke hannu ya ce sai addu'a. Mu samari muka yi wa gonarsa maimai, ba ganga ba guɗa, muka girbe masa da kaka, muka ɗaure dammuna muka cika masa rumbu. Geron da jigawar nan ta bayar a shekarar ba ta taɓa ba mu irinsa ba. Sunan Giginya ya ɓace daga bakin kowa, amma magana zarar bunu ce, kuma ba sunan ne ya kwantar da shi ba. Ni kuwa sau da yawa nakan ɗauki hauyar in nufi ɗakinsa in mayar, in kai bakin ƙofa in ji muryar matar tana juya shi, sai ƙafata ta ƙi shiga, in dawo da ita.

Da aka gama kaka 'yan'uwan matar suka zo da raƙumi daga arewa. Suka shirya masa wani abu kamar gado a bisa, suka ɗaure shi a kai. Ganin za su tashi ya sa na yi ta maza na matsa, na ɗaga hauyar na ce ga kayansa. Ya leƙo daga sama, ya rame har na so in kasa gane shi. Ya ce, "Mi za ni yi da ita yanzu? Riƙa dai." Na ce ya yafe mini don Allah. Sai da raƙumin ya fara miƙewa sannan ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Shekara da shekaru ina juya wannan magana, ban sani ba ko yafiya ce ko sallama ce kawai. Suka bi hanyar Jangeru, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Yarinyar nan na aure ta, mun zauna har Allah ya karɓi abinsa. Tana cikin masu guɗa a ranar, kuma duk zamanmu ko sau ɗaya ba mu taɓa tada maganar ba, in hira ta doshi wajen sai ɗayanmu ya tashi ya nemi abin yi. Da shekaru suka tura ni ma ƙuguna ya ƙi, sai na ɗauko hauyar na gwada a jigawar gabas. Ashe a rairayi ta fi tamu nesa ba kusa ba, kafin mai 'yar hauya ya yi kunya biyu ka yi biyar, kuma ba ta tone danshi. Na yi noma da ita a tsaye har ranar da aka raba mu da gonakin. Samarin lokacin suna wucewa suna ce mini sannu Baba, ba wanda ya yi dariya, don ni ɗan gari ne an san ciwona.

Jikana ya saurara har ƙarshe, abin da ban zata ba. Ya dubi kusurwar ɗaki. Sannan ya ce, "Tsoho, wancan zamani daban na. Ku in kun yi kure mutum guda ka shan wahala. Mu in munka yi sake, unguwa guda za a kwashe."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da bakin musa masa, ni da na baro kabarin iyayena a hannun ɓarayi. Na ce, "Ban ce mutumin kirki na ba. Ban san shi ba. Kai ma ba ka san shi ba, abin da nika hwaɗi ke nan. Kun jera abu huɗu kun samu amsa, ni shidda nij jera. Akwai mai gidan da yab ba shi haya, akwai mai burodi, akwai mai unguwa, ga shi kuma shi kainai da baki. Ku bi su tukuna. In kun kai shi wurin da ba a dawowa, ba ka da wurin kai tambayarka bayan nan." Ya ɗauki makullinsa ya ce ana jiransa a tasha.

Jiya da safe na sa aka fitar mini da kujera ƙofar gida, don yanzu tabarma tana yi mini wuyar tashi. Daga nan ana hango teburin mai shayi. Na ga mutumin ya zo da buhunsa, dogo ne shi ma, da rawani. Na ga jikana ya kafe babur ya je ya zauna a benci ɗaya da shi, ya miƙa masa hannu. Sun ɗan jima, ban ji abin da suka ce ba, kunnen ma ya tafi. Da ya dawo cin abinci na tambaye shi, ya ce mini dai ba su kai maganar ba tukuna, akwai wanda zai gani. Jiya ke nan, yau ma ba su kai ba. Gobe ban sani ba, kuma na gaji da yin kamar na san gobe.

Ɗazu surukata ta shigo shara, ta kai kusurwar nan ta tsaya. Ta ce cikin ladabi, "Baba, ƙarhen ga ya mutu. Ko a cire shi a ba maƙera, icen mu yi shanya da shi?" Na ce ta bar shi inda yake. Ta ce to, amma na ga tana son ta ji dalili, yarinyar kirki ce, ta sha haƙuri da ni. Na ce mata ba tawa ba ce balle in bayar. Mai ita cewa ya yi in riƙa masa, kuma bai zo ya karɓa ba.